SA'AD DA ILIYA YA GAJI: DARASI A KAN MATASANMU DA SUKA TSERE WA YAƘI

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18
Ayar haddacewa: Zabura 34:18

 Cikin wasiƙun da kuke aiko mana akwai tambaya ɗaya da take ta dawowa, daga bakin iyaye mata musamman. Sukan ce, mun kuɓuta da ranmu, mun sami wurin zama, to, me ya sa yaron nan bai koma yadda yake dā ba? Darasinmu na wannan mako a kan wannan tambaya yake. Ina roƙo ku karanta shi tare, a gida ko a taron matasa ko a Zumuntar Mata, Littafi Mai Tsarki kuwa yana buɗe a gabanku.

Abin da ya same mu

Ba sai na ba ku dogon labari ba, gama da yawa cikinku da idonku kuka gani. Ran 6 ga Fabrairu 2015 'yan Boko Haram suka auka wa garuruwan Bosso da Difa. A watan Mayu na shekarar aka umarci mazauna tsibiran Tafkin Cadi su fita, mutane suka yi ta tafiya a ƙasa cikin zafin bazara har Ngigmi. A watan Yuni 2016 aka sāke kai wa Bosso hari, dubban mutane suka watse, suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya. A Kamaru an buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo tun 2013, inda 'yan'uwanmu da yawa daga yankin Gwoza suka fake. A Cadi akwai sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola. Daga 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka riƙa shigowa jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji, saboda 'yan bindiga. A watan Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, jama'a suka kwararo garin Adre a gabashin Cadi. A daminar 2024 kuma ruwa ya rushe gidaje a Maraɗi da Damagaram, madatsar Alau ta fashe, ruwa ya cinye unguwanni a Maiduguri.

Yaron da yake da shekara biyar a 2015 yanzu ya zama saurayi. Yana zaune a bayan majami'a ran Lahadi, ko kuwa ya daina zuwa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da aka yi fama da yaƙi, kusan mutum 1 cikin 5 yana ɗauke da wata irin damuwa ta hankali, mai sauƙi ko mai tsanani. In ikkilisiyarku tana da 'yan gudun hijira 50, ku yi lissafin da kanku.

Kuskuren da na yi

A daminar 2016 wata gwauruwa ta iso garinmu da 'ya'yanta uku. Mijinta mai sana'ar banda ne a bakin tafki, an kashe shi a gaban babban ɗansu, yaro mai shekara 14. Ikkilisiya ta ba su ɗaki, mata suka tara hatsi da tufafi, muka ce mun yi abin da ya wajaba.

Wata Lahadi muna tsakiyar waƙa sai wani babur ya wuce bayan majami'a, salansarsa ta yi ƙara. Kafin mu ankara yaron nan ya shige ƙarƙashin benci, ya toshe kunnuwansa, jikinsa yana rawa. Yara suka fashe da dariya. Bayan sujada uwarsa ta faɗa mini cewa ba ya barci, yakan farka da ihu, ya koma fitsarin kwance, yana dukan ƙannensa, ba ya kuma so a ambaci sunan ubansa.

A lokacin ban daɗe da gama makarantar Littafi Mai Tsarki ba, ina ganin na san amsar kome. Na ce masa mai bi ba ya tsoro. Na sa aka yi azumi kwana uku, yaron ma na sa shi ya yi. Na ce ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida, ya ce ya gafarta wa waɗanda suka kashe ubansa. Ya tsaya, bakinsa ya kasa buɗuwa, ya fita a guje. Wata biyu bai sāke taka majami'a ba.

Wata tsohuwa cikin Zumuntar Mata ce ta gyara abin da na ɓata. Ba ta yi makaranta ba. Ta same ni ta ce, “Fasto, yaron nan bai yi barci ba tun da ya zo, kai kuwa ka hana shi ci.” Ta riƙa kiransa gidanta da safe tana ba shi kunu, ta danƙa masa kiwon awakinta, ba ta tambaye shi kome ba. Da na koma na karanta 1 Sarakuna 19, sai na ga ita ce ta bi hanyar Allah, ni ne na kauce.

1. Annabi ma ya gaji har ya roƙi mutuwa

A sura ta 18 Iliya ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, Ubangiji ya amsa masa da wuta. Ba wanda zai ce wannan mutum ba shi da bangaskiya. Amma da Yezebel ta aiko masa cewa za ta kashe shi kafin wannan lokaci gobe, sai ya gudu har Biyer-sheba. Ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Yakubu a wasiƙarsa ya tuna mana cewa Iliya mutum ne kamarmu.

Ku lura da abin da ya bayyana a jikin annabin: tsoro, gudu, ware kai daga mutane, ganin kansa bai da amfani, da sha'awar mutuwa. Waɗannan su ne muke gani a matasanmu.

Wani ma'aikacin jinya, ɗan ikkilisiyarmu, ya bayyana mini abin haka. Allah ya halicci jikinmu da abin da yake tashe shi in haɗari ya zo. Zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru, jini ya tafi ƙafafu da hannuwa domin mutum ya gudu ko ya kāre kansa. Wannan baiwa ce, ita ta fitar da mutane da yawa daga Bosso da rai. Amma in firgitar ta yi tsanani ƙwarai, ko ta yi ta maimaituwa, jiki yakan kasa komawa ya kwanta, ko da haɗarin ya wuce. Hausawa sun riga sun faɗa, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Maharan sukan zo a kan babura, har gwamnati ta hana hawan babur a jihar Difa a lokacin. Saboda haka ƙarar salansa ta mai da yaron nan daidai ranar da ubansa ya mutu. Jikinsa ne ya shiga ƙarƙashin benci tun bai yi tunani ba.

Ga alamun da iyaye da malaman Lahadi za su lura da su:

Mugayen mafarkai da rashin barci.
Firgita saboda ƙara, ko hayaƙi, ko ganin kaki, ko ƙarar ruwan sama a kan kwano ga wanda ambaliya ta rushe wa ɗaki.
Shiru mai yawa da gudun mutane.
Saurin fushi da faɗa.
Ciwon kai da ciwon ciki waɗanda aka auna ba a ga dalili ba.
Komawa ga halin ƙuruciya, kamar fitsarin kwance da manne wa uwa.
Kasa riƙe karatu ga yaron da dā yake da ƙoƙari.
Shan tiramol, ko sholisho, ko wiwi, domin a sami mantuwa.
Ɗora wa kai laifi: me ya sa na rayu, ƙanena ya mutu?

Wanda yake da waɗannan bai zama mahaukaci ba, bai kuma zama mai zunubi fiye da sauran ba. An ji masa rauni ne. In yaro ya karye a ƙafa ba mu tambayarsa ina bangaskiyarsa, sai mu yi addu'a mu kai shi a ɗora.

2. Allah ya fara da abinci da barci

Me Ubangiji ya yi da Iliya ya roƙi mutuwa? Bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi, ya nuna masa gurasa da aka toya a kan duwatsu masu zafi da tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya. Mala'ikan ya dawo karo na biyu ya sāke ciyar da shi, domin tafiyar da take gabansa ta fi ƙarfinsa. Har zuwa nan ba wa'azi, ba tambaya.

Wannan shi ne matakin farko, kowa kuwa yana iya yinsa. Yaro yana bukatar ya san inda zai kwana yau da gobe, ya san zai ci, ya san babba wane ne zai nufa in tsoro ya kama shi da dare. Ku tsayar masa da lokacin ci, da lokacin kwanciya, da lokacin makaranta, gama yaƙi ya rushe masa tsarin kwanakinsa, tsari kuwa yana koya wa jiki cewa haɗari ya wuce. Kada ku raba shi da uwarsa ko 'yan'uwansa in ba dole ba. Kada ku sa shi azumi. Kada ku doke shi saboda fitsarin kwance, ku taimake shi ya wanke tabarmar a ɓoye ba tare da an kunyata shi ba. Kada ku bar shi ya yi ta kallon hotunan gawawwaki da ake turawa a waya.

Yawancin yara, in sun sami wannan, sukan farfaɗo a hankali cikin makonni ko watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

3. Allah ya tambaya, ya kuma saurara

Bayan kwana 40 Iliya ya isa Horeb, ya shiga kogo. A nan ne Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Iliya ya zazzage kukansa duka: an rushe bagadai, an kashe annabawa, shi kaɗai ya ragu, ana kuma neman ransa. Aka yi iska mai farfasa duwatsu, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, amma Ubangiji ya zo masa cikin murya mai taushi. Ya sāke yi masa tambayar nan ɗaya, Iliya ya sāke ba da amsar nan ɗaya, kalma bisa kalma. Allah bai ce masa ai ka riga ka faɗa ba.

Mutumin da ya sha hayaniya da ƙarar bindiga ba a warkar da shi da ihu. Mu da muke son addu'a mai ƙarfi, da ɗora hannuwa goma a kan mutum ɗaya, mu yi hankali. Yarinyar da aka taɓa kamawa da ƙarfi, in maza suka kewaye ta suna ɗaga murya, tsoronta ne yake ƙaruwa. Mace mai hankali ta zauna kusa da ita, ta nemi izininta kafin ta yi addu'a, ta yi a hankali.

Ga yadda za mu saurara. Kada ka tilasta wa yaro ya ba da labarin, domin matsa masa tun bai shirya ba yana iya ƙara masa ciwo. Ka nuna masa kana nan duk ranar da ya so. In ya fara magana kada ka katse shi da aya. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, wannan ne kuwa abu mafi kyau da suka yi masa. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa, sai suka ƙara masa baƙin ciki, Allah kuma ya yi fushi da su. Kada ka ce masa ya manta, kada ka ce wasu sun fi shi shan wuya. In ya tambaya ina Allah yake ranar da aka kashe ubansa, kada ka firgita. Masu Zabura sun yi irin wannan tambaya, akwai kuma littafi guda a cikin Littafi Mai Tsarki, wato Makoki, wanda kukan birnin da aka rushe ne daga farko har ƙarshe. Abin da ya faɗa maka kuma amana ce. Kada ka mai da shi batun addu'a a gaban jama'a, ko misali a wa'azi, ba da yardarsa ba. Labarin da na ba ku a sama, sai da na nemi izinin mai shi.

Game da gafara, Ubangijinmu ya umarce mu mu gafarta, ba mu rage kome daga wannan ba. Amma Yusufu ya yi shekaru fiye da 20 kafin ya sāke haɗuwa da 'yan'uwansa, ya kuma yi kuka sau da yawa kafin ya bayyana musu kansa. Ruhu Mai Tsarki ne yake haifar da gafara a zuciya, a lokacinsa. Wadda fasto ya matsa aka furta da baki ba ta kai zuciya.

4. Allah ya ba shi aiki da aboki

A ƙarshe Ubangiji ya mai da Iliya kan hanya da aiki a hannunsa, ya naɗa Hazayel da Yehu, ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Ya gyara masa tunani ɗaya kawai, cewa ba shi kaɗai ba ne, akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba.

Zaman banza a sansani yana cin matashi kamar yadda gara take cin azara. Wanda ya san kamun kifi ko noman tattasai a bakin Komadugu, ga shi yanzu yana jiran layin rabon abinci. A nan ne masu ƙwaya suke samunsa, a nan ne kuma masu ɗaukar yara cikin ƙungiyoyin bindiga suke yi masa alkawari. Ikkilisiya mai ƙaramin ƙarfi ma tana iya yin wani abu. Tela ya ɗauki yaro ɗaya, makanike ya ɗauki ɗaya. A ba wani ganga a ƙungiyar mawaƙa, a sa wata ta taimaka wa malamar ƙananan yara. A share fili a sayi ƙwallo. Dattawa su taimaki gwauruwa ta mai da 'ya'yanta makaranta, a bi musu batun takardar haihuwa in ta ɓace a gudu.

'Yan matan da suka dawo daga hannun maharan, wasu da goyo, su ne suka fi bukatar wannan. Kunya ba tasu ba ce, ta waɗanda suka cuce su ce. Jaririn kuma ba shi da laifin ubansa. In aka bar benci babu kowa kusa da ita ran Lahadi, mu ne muka ƙarasa aikin da maharan suka fara. Mu tuna kuma yawancin waɗanda suka yi gudun nan maƙwabtanmu Musulmi ne, Barebari da Buduma da Fulani da Hausawa. 'Ya'yansu ma suna farkawa da ihu. Ubangijinmu, wanda aka gudu da shi Masar yana jariri saboda takobin Hirudus, bai sa mana iyaka ga wanda za mu yi wa jinƙai ba.

5. Sa'ad da ya kamata a je asibiti

Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Ku kai matashi wurin ma'aikatan lafiya in alamun nan sun wuce wata guda ba sauƙi har suna hana shi ci, ko barci, ko karatu. In yana jin muryoyi ko yana ganin abin da ba wanda yake gani. In ƙwaya ta kama shi. In yana faɗuwa yana shure-shure, gama farfaɗiya ciwo ce mai magani. In an yi wa yarinya ko yaro fyaɗe, wannan kam a hanzarta, cikin kwana uku, domin akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ba ya aiki in an makara. Kada a ɗaure kowa da sarƙa, kada a doke shi da sunan fitar da aljani.

In matashi ya ce ya gaji da rai, kada ka ɗauka wasa ne. Ka tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya amsa i, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari, da igiya, da ƙwayoyi, da makami daga gidan, a kai shi asibiti a ranar.

Yaron nan namu, ma'aikacin jinyar ya raka shi ya ga likita. Ni kuma na je gidan tsohuwar na same shi, na roƙe shi gafara. Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya miƙo mini tabarma. Yau tela ne, yana da yara biyu da suke koyo a wurinsa. Har yanzu in yara suka fasa abin wasan wuta lokacin Kirsimeti yakan shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Mu kuma mun koyi mu bar shi, in ya fito mu ba shi wuri.

Zuwa gare ka, matashi

In kai ne wannan darasi yake magana a kanka, ka ji ni. Abin da kake ji yana da dalili, ba kuwa kai kaɗai kake jinsa ba. Rayuwar da ka yi ba laifi ba ce. Yesu kansa a Getsamani ya faɗa wa abokansa uku cewa baƙin ciki ya kai masa iyaka, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. In shi ya nemi abokai a daren wahalarsa, kai ma ka nemi mutum ɗaya da ka amince da shi, ka faɗa masa ko da kaɗan ne a wannan mako.

Tambayoyi domin nazari

1. Waɗanne abubuwa Allah ya yi wa Iliya kafin ya yi masa magana? Me wannan yake koya mana?
2. Me ya sa Allah ya yi wa Iliya tambaya ɗaya sau biyu?
3. Waɗanne maganganu muke faɗa wa masu baƙin ciki da nufin alheri, amma suna ƙara musu nauyi?
4. Wane matashi ne ya daina zuwa sujada a ikkilisiyarku? Wa zai je wurinsa, yaushe kuma?
5. Ina ne wurin lafiya mafi kusa da ku da za a iya kai mai irin wannan damuwa? In ba ku sani ba, wa zai bincika kafin Lahadi?

Addu'a

Ya Uba na sama, kai da ka ciyar da bawanka Iliya a jeji, ka dubi 'ya'yanmu da suka ga abin da ya fi ƙarfinsu. Ka ba su barci mai daɗi a daren nan. Ka gafarta mana inda muka yi saurin hukunci da saurin magana. Ka koya mana haƙuri da sauraro, ka ba likitoci da masu jinya hikima, ka kawo salama a ƙasashenmu domin waɗanda suka watse su koma gida. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.